Bargo Yadi Uku, Ƙofa Inci Bakwai



Duk wanda ya taɓa tsayawa a ƙofar fada ranar hawan sallah, ya ga 'yan lifida sun wuce a kan dawakinsu, doki da mahayi duka an lulluɓe su cikin wata irin sutura mai kauri wadda aka cusa wa auduga ko rimi, aka kuma bi ta da ɗinki layi-layi don kada abin da ke cikin ya taru wuri guda, to, ya riga ya san asalin sana'ar da zan yi magana a kanta yau, ko da bai taɓa jin labarin mutanen da suka mai da ita abin alfaharinsu ba. Tarihin Kano ya nuna cewa Sarki Kananeji, wanda ya yi sarauta daga wajen 1390 zuwa 1410, shi ne ya fara shigo da lifidi cikin kayan yaƙin Kanawa, tare da kwalkwali da sulke. Hikimar lifidi kuwa ba ta da wuyar fahimta: ƙyalle a sama, ƙyalle a ƙasa, abu mai laushi a tsakani, sa'an nan zare ya ratsa ukun nan ya ɗaure su su zama abu guda. Kakanninmu don kibiya suka yi wannan. Mutanen Amurka kuwa, waɗanda abokin gabarsu cikin dare shi ne sanyin hunturu da ƙanƙara, don barci suka yi nasu.

Abin da suke yi bargo ne, amma ba irin na ulu da muke saye a kanti ba, kuma tun da ba mu da sunansa a bakinmu, ku yi mini izini in kira shi bargon lifidi har ƙarshen wannan hira. Rukunansa uku ne, kamar yadda na ambata. Akwai fuska, wadda mace kan haɗa daga guntayen ƙyallen da suka rage mata wajen ɗinki, da tsofaffin riguna da wandunan mai gida, har da buhunan gari masu zane waɗanda masu masana'antu suka riƙa yi a shekarun 1940 saboda sun lura mata na yanka su; ta yayyanka su ƙanana, ta jera su bisa wani tsari na launi da lissafi, wanda in ka tsaya daga nesa sai ka ga tauraro ko sarƙa ko tsani. Akwai ciki, wato audugar da aka baje ta zama shimfiɗa guda. Akwai kuma shafi a baya. Haɗa fuskar, duk da yawan guntayenta, ba shi ne mas'ala ba, domin kowane yanki bai fi faɗin faifai ba, ana ɗinka shi a keke kamar yadda tela ke ɗinka aljihu. Inda gizo ke saƙar shi ne aiki na ƙarshe, sa'ad da aka ɗora rukunan nan bisa juna, aka ce a bi su da ɗinki tun daga wannan baki har wancan.

A zamanin da, kafin keke ya shiga gidaje, wannan aiki na gayya ne. Sai a haɗa katako huɗu a tsakar ɗaki, a ɗaure bargon a jikinsu, a ja shi ya miƙe kamar fatar da majemi ya shanya, mata shida ko takwas su kewaye shi, kowace da allurarta, suna ɗinki suna hira, in sun gama iyakar inda hannu ke kaiwa a naɗe gefen a matso ciki. A gidajen da wuri ya yi ƙaranci ma, da igiya ake rataye katakon a rufin ɗaki, in dare ya yi a ja shi sama a kwanta ƙarƙashinsa. Irin wannan sana'a matan Gee's Bend suka gada, wani ƙauye na baƙar fata a inda kogin Alabama ya yi gwiwa, jikokin bayin da suka noma auduga a wurin, waɗanda bargunansu na tsumman kayan aiki, da ba a yi su don kome ba sai don a kare yara daga sanyi, aka wayi gari a 2002 an rataye su a gidan adana kayan fasaha na birnin Houston, daga nan aka kai su New York, har a 2006 gwamnatin Amurka ta buga hotunansu a jikin kan sarki. Ina so mai sauraro ya riƙe abu guda daga wannan siffa ta gayya, domin a kansa sauran maganata za ta hau: a jikin katako, bargo a tsaye yake cik, a miƙe, ba ya motsi; allura ce ke tafiya ta same shi inda yake.

Keken ɗinki ne ya zo ya birkita wannan tsari. A 1846 Elias Howe ya sami takardar mallakar wani keke mai allura mai kafa a bakinta da ƙoshiya, zare biyu suna sarƙe juna a tsakiyar ƙyalle. A 1851 Isaac Singer ya sami tasa, kuma ba a daɗe ba kamfaninsa ya fito da dabarar biya kaɗan-kaɗan, wadda ita ce ta shigar da keke ɗakin talaka. To, amma waɗannan bayin Allah, sa'ad da suke auna ƙarfensu, riga da wando ke cikin zukatansu. Kowa ya san siffar keken: allura a hagu, ginshiƙi a dama, hannu ya gitta ta sama ya haɗa su, sai wani ɗan fili ya rage a tsakani inda ƙyalle ke wucewa. Su can maƙogwaron keke suke kiran wannan fili, ni kuwa a idona ya fi kama da hammata. A keken gida na yau da kullum faɗinta inci shida ne ko bakwai, wato ba ta kai taƙi ɗaya na babban mutum ba. A ɗan ƙaramin keken nan na Singer da ake kira Featherweight, wanda ya fito a 1933 kuma nauyinsa bai fi kilo biyar ba, har yau matan Amurka suna ji da shi kamar zinariya, faɗin bai wuce inci biyar ba. Allura kuwa a kafe take wuri guda, hawa da sauka kaɗai ta sani. Ashe ke nan wajibi ya koma kan bargo: shi ne zai taso, da nauyinsa da faɗinsa, ya kai kowane inci na jikinsa gaban allura.

Bari mu yi ɗan lissafi, don kada a ce na kambama abu. Amurkawa, waɗanda suka shelanta a 1776 cewa sun fita daga ƙarƙashin Sarkin Ingila, sun koma sun raɗa wa manyan gadajensu suna sarki da sarauniya, kuma katifar gadon sarki faɗinta inci 76 ne, tsawonta inci 80. Bargon da zai rufe ta, ya sauko ta gefe uku, yakan kai inci 108 kowace fuska, wato yadi uku cif. In za a ɗinka layin da ya ratsa tsakiyarsa, dole rabinsa ya kasance a daman allura, watau inci 54 na abu mai ruɓi uku ya dunƙule ya shiga ƙofa mai inci bakwai, ya kuma yi ta wucewa ta cikinta har tsawon yadi uku ba tare da ya sarƙe ba. In kuwa aka ce tsakanin layi da layi inci biyu ne, layuka hamsin da 'yan kai ke nan ta fuska guda, kwatankwacinsu ta ɗaya fuskar, jimla yadi ɗari uku da ɗoriya na ɗinki, kowane yadi kuwa sai an yi kokawa da kilo uku ko huɗu na auduga kafin a same shi.

Na ga wannan da idona wata shekara da neman ilmi ya kai ni wani ƙaramin gari a ɗaya daga jihohin Amurka masu tsananin sanyi, inda na kama hayar ɗaki a gidan wata dattijuwa da mijinta ya rasu, wadda nakan kira Iya, ba ta kuwa san ma'anar sunan ba sai da na fassara mata, daga ran nan in na kira ta da wani suna ba ta amsawa. Jikanyarta za ta yi aure, ta yi niyyar ɗinka mata bargo da kanta, ta kuma shafe watanni tana haɗa fuskarsa, shuɗi da fari, ban taɓa jin ta yi ƙorafi ba. Ranar da za a haɗa rukunan ce na fara jin ta tana tsaki. Muka janye kujerun falo duka muka jingine su a bango, ta shimfiɗa shafin a ƙasa, fuskarsa na kallon daɓe, wanda shi kansa sai da ta haɗa faɗin yadi uku kafin ya isa, domin yadin kanti a can faɗinsa inci 44 ne ko ƙasa da haka. Ta ja shi ya miƙe ta liƙe bakunansa da salatif, ta baje audugar a kai, ta ɗora fuskar, sa'an nan ta durƙusa a tsakiya tana shafawa da tafin hannu daga ciki zuwa waje, tana soka fil mai makulli, tsakanin kowane fil da ɗan'uwansa faɗin dunƙulen hannu. Ku lissafa da kanku: a bargo mai yadi uku kowace fuska, fil ya haura 700. Da yatsunta suka fara ciwo sai ta aike ni madafa in ɗauko mata ƙaramin cokalin shayi, ta riƙa tallafe tsinin fil ɗin da bakin cokali tana rufe shi. Mace mai shekara saba'in da wani abu, a kan gwiwoyinta tun hantsi har la'asar, ba a kuwa ɗinka ko ɗigo ba tukuna.

Wannan wahala ba ta banza ba ce, kuma dalilinta yana cikin halittar keken kansa. Duk telan da ke saurarona ya san haƙoran nan da ke ƙarƙashin allura, waɗanda ke tasowa su ja ƙyalle baya kowace sukar allura, da kuma ƙafar da ke danne ƙyallen ta sama. In ruɓi biyu ne na yadin riga, haƙora suka ja na ƙasa, na sama sai ya bi shi ba musu. Amma in akwai auduga a tsakani, haƙora na jan shafi, ƙafa na tokare fuska, audugar kuwa ba ta da wanda take bi, sai ya zama kowace suka fuskar ta yi jinkiri da abin da bai kai gashin kai ba. A inci ɗaya ba ka ganin kome. A yadi uku, wato suka dubu da wani abu, wannan ɗan jinkiri ya taru ya zama tudu yana tafiya gaban ƙafar kamar ruwan da tsintsiya ke kora, har ya je ya ci karo da layin da aka riga aka ɗinka a gicciye, ba shi da wurin zuwa, sai ya kwanta ya zama ninki, allura ta bi ta kansa ta tabbatar da shi. Maganin da aka samo shi ne wata ƙafa ta musamman mai nata haƙoran, da wani ɗan hannu da ke hawa kan maɗaurin allura, ta yadda duk sa'ad da na ƙasa suka ja, na sama ma su ja daidai da su. Ƙafa mai tafiya suke kiranta. Tana maganin wannan ciwo ƙwarai, sai dai gaba kaɗai ta iya zuwa, saboda haka duk sa'ad da zanen ya yi kwana, sai an tsai da allura a cikin bargon, an juya bargon ɗungurungum ta cikin hammatar nan, kuma wanda ya yi haka sau goma zai fahimci abin da ya sa masu wannan sana'a suke son miƙaƙƙen layi.

Sai nauyi, wanda a ganina shi ne babban abokin gaba, domin ba ya barci. Duk wani sashe na bargon da ya zubo daga bakin tebur, ja yake yi, kuma abin da yake ja shi ne wurin da allura take, sai ka ga ɗinki ya ƙanƙance ba dalili, ko layi ya karkace, ko allura ta lanƙwashe ta bugi ƙarfe ta karye. Saboda haka Iya ta sa muka tura teburin cin abinci can kusurwa, bango ta baya, bango ta hagu, don bargo ya rasa inda zai faɗa. Ta kawo teburin guga ta sauke shi daidai tsayin wancan ta ajiye a gefenta. Ta sa safar hannu irin ta aikin lambu, mai ɗigo-ɗigon roba a tafi, don ta riƙe ƙyalle ba sai ta matse shi ba. Abin da ya rage gabanta kuwa, ta saɓa shi a kafaɗa kamar Bafulatani da sandarsa. Ni kuma aka naɗa ni mai tallafe gefe, muƙamin da ban riƙe shi da amana ba, domin a yini na biyu hankalina ya tafi wajen wani abu, na saki hannu, gefen ya zame ƙasa, muka ji ƙas! Allura ta rabu biyu. Ba ta ce mini kome ba sai da ta nemo guntun da maganaɗisu, sa'an nan ta dube ni ta saman tabarau ta ce, "Ɗana, in barci kake ji, ga bargo nan, amma ka bari in gama shi tukuna."

A kan yadda za a shigar da rabin bargon cikin hammata, malaman wannan fanni sun yi saɓani, har ana iya cewa mazhaba biyu ce. Ta farko ta ce a naɗe shi tamau kamar tabarma, a maƙale naɗin da zobban ƙarfe irin waɗanda mai keken hawa ke kama ƙafar wandonsa da su. Ta biyu ta ce naɗi yana mai da bargo gungume, ba ya tanƙwaruwa, in ka motsa wannan kai wancan kai ya bugi bango ko ya share kayan da ke kan tebur, gara a tattara shi sako-sako a cusa, a bar shi ya taru kewaye da keken yadda ya ga dama. Iya 'yar mazhaba ta biyu ce, kuma hujjarta ta gamsar da ni. Ta ce ita ba bargo take ɗinkawa ba, abin da ke tsakanin tafukanta biyu take ɗinkawa, fili kamar faɗin littafi; muddin wannan ɗan fili ya kwanta sumul kuma ba abin da ke jansa, sauran ya yi duk irin ƙudundunewar da yake so. Ta ɗinka wannan, ta tsaya, allura a ƙasa, ta gyara tarin, ta matsar da hannu, ta sake. Na lura cewa lokacin da take ɓatawa wajen gyaran tari ya fi wanda keken ke yi yana gudu. A kan abu guda dai mazhabobin suka yi ijma'i, shi ne a fara daga tsakiya a yi waje, domin tsakiya ita ce mafi wuya, kuma kowane layi da aka gama, abin da ke cikin hammata raguwa yake yi.

Akwai kuma wani babi da ya fi wannan zurfi, na masu son su zana ganye da fure da gashin tsuntsu da zare. Sukan sauke haƙoran nan gaba ɗaya, su sa wata ƙafa mai tsalle wadda ba ta danne ƙyalle sai lokacin da allura ta sauka, daga nan keken ba ya jan kome, hannun mai ɗinki ne ke kai bargo gaba da baya, hagu da dama. Fa'idarsa ita ce ba sai an juya bargo ba. Wuyarsa kuwa, ku ƙaddara an kafe alƙalami a jikin bango, an ce wa almajiri ya rubuta darasinsa ta hanyar motsa allo, allon kuma faɗinsa yadi uku ne. Tsawon kowace suka ya dogara ne ga daidaito tsakanin saurin ƙafa a kan feda da saurin hannu a kan ƙyalle: hannu ya yi gaggawa, ɗinki ya yi tsalle-tsalle har yatsan jariri ya iya shiga, hannu ya yi nawa, ɗinki ya taru wuri guda ya zama ƙulli. Wata Ba'amurkiya mai suna Harriet Hargrave ta wallafa littafi a kan wannan fanni a ƙarshen shekarun 1980, wanda ya buɗe wa mata da yawa ido cewa keken da ke ɗakinsu zai iya abin da suke zaton sai hannu.

Abin da ya fi ba ni tausayi cikin aikin duka shi ne sha'anin zahiri da baɗini. Mai ɗinki fuska take gani. Shafi yana ƙasa, a ɓoye, kuma a can ne ɓarna ke faruwa. Zaren kwarkwaro kan ƙare ba sallama, ta yi ta tafiya yadi guda allura na huda banza. Ɗaurin zare kan saki, sama lafiya lau, ƙasa kuwa zare ya yi gashin ido a kowace kwana. Wata safiya Iya ta kife bargon a kan gado don ta duba aikin jiya, sai ga kusurwar shafin ta naɗe ta shige ƙarƙashi ba ta sani ba, ta bi ta kanta da layi har huɗu. Dare biyu ta yi a kujera, da fitila a kafaɗarta da ɗan ƙarfen farke ɗinki a hannu, tana cire abin da keke ya yi cikin minti biyar, suka ɗaya bayan ɗaya, a hankali don kada ta huda ƙyalle.

Tun da wahala ita ce uwar dabara, an samo hanyoyin rage ta. Wasu kan yanke audugar kashi uku, su ajiye biyu gefe, su ɗinka tsakiya tukuna, don abin da zai shiga hammata ya zama ƙyalle ne kawai ba kauri, sa'an nan su mai da sauran su haɗa. Wasu kan ɗinka bargon yanki-yanki, kowane yanki da audugarsa da shafinsa, a ƙarshe su haɗa da ɗan siririn ƙyalle ya rufe mahaɗa. Sai kuma babbar mafita, wadda ta yaɗu tun daga wajen 1980, wato keke mai dogon hannu, wanda hammatarsa kan kai inci 18 har zuwa 30, yana bisa ƙafafun gudu a kan wani dogon gado mai tsawon ƙafa goma zuwa goma sha huɗu. A nan, ku lura, an komo ga tsarin gayya: bargo a miƙe a jikin sanduna ba ya motsi, allura ce ke yawo a kansa. Sai dai kuɗin wasunsu ya kai na ƙaramar mota, kuma yana bukatar ɗaki nasa na kansa, saboda haka ya zama sana'ar wasu, mace ta haɗa fuska a gida ta aika musu, su ɗinka su caje ta bisa yawan incin bargon. Na tambayi Iya me ya hana ta yin haka, ta huta wa gwiwoyinta. Ta ce in ta aika, ranar da yarinyar ta tambaye ta wa ya yi, amsar za ta yi tsawo.

Ba zan rufe ba sai na taɓo wata jayayya da ta daɗe a tsakaninsu, domin ina da ra'ayi a kanta. Shekaru da yawa masu riƙo da ɗinkin hannu sun ɗauki bin bargo da keke a matsayin bidi'a, aikin raggaye, wanda bai cancanci a jera shi da na gaske ba. Da aka yi gasar shekara-shekara ta garin Paducah a jihar Kentucky a 1989, alƙalai suka ba da babbar kyauta ga bargon Caryl Bryer Fallert, mai siffar husufin rana, wanda da keke aka bi shi, abin da bai taɓa faruwa ba a wannan gasa, sai aka yi ta gunaguni kamar an yi saɓo. Alhali in an koma ga tarihi, hujjar masu gunagunin ba ta da ƙarfi. Harriet Powers, wadda aka haifa cikin bauta a jihar Georgia a 1837, bargonta mai ɗauke da ƙissoshin Littafi Mai Tsarki na Kirista, wanda ta nuna a wani baje koli a 1886 kuma yau yana ajiye a gidan tarihi na Smithsonian a Washington, akwai ɗinkin hannu a jikinsa, akwai kuma na keke. Sa'an nan zamanin da suke yi wa kallon na tsarki ma bai rasa nasa ba: a gasar da kamfanin Sears ya shirya a 1933 lokacin baje kolin Chicago, inda aka shigar da barguna sama da 24,000, bincike ya nuna daga baya cewa wadda ta ci ta ɗaya wasu mata ta biya suka yi mata aikin. Ni dai ban ga laifin mai ɗinkin hannu ba, ban kuma ga na mai aikawa wurin masu dogon hannu ba, kowa da ƙarfinsa da aljihunsa. Amma wanda ya kira abin da na gani a falon nan ragganci, lalle bai taɓa tallafe gefen bargo na yini ɗaya ba, balle ya tashi washegari da kafaɗu kamar ya yi dakan gero.

Mako uku da 'yan kwanaki aikin ya ci. Da ta gama ta yanke rarar auduga da shafi, ta kewaye bakin da siririn ƙyalle shuɗi, wanda shi kam da hannu ta kalmashe shi ta baya, sa'an nan ta jefa bargon cikin injin wanki, abin da ya sa gabana ya faɗi. Ashe da gangan ne: auduga in ta sha ruwa ta bushe takan ɗan tsuke, sai bargon duka ya yi wani irin tattara mai laushi tsakanin layi da layi, ƙananan karkacewar da muka yi ta damuwa da su suka nutse ciki, har inda allurar nan ta karye na nema ban gane ba. Ninki ɗaya ne ya rage a shafi, kusa da tsakiya, tsawonsa bai fi gaɓar yatsa ba, wanda ta gani tun farko ta ce ba za ta farke ba. Ta kama hannuna ta ɗora yatsana a kai don in ji shi. Bayan haka ta ɗinka wani ɗan farin ƙyalle a kusurwa, ta rubuta sunan amarya da nata da shekara, muka ninke bargon mu biyu, ita a wancan kai ni a wannan, muka tura shi cikin rigar matashin kai da ƙyar, na saɓa shi na nufi gidan waya cikin ƙanƙara, ita kuwa ta tsaya a bakin ƙofa tana ɗaga murya tana ce mini in tabbata sun ba ni rasiɗi.